Murhu a Bakin Tanti

Kwal! Ƙarar ɗan kwanon sha ce, da ya faɗa bisa sauran kwanoni cikin kwandon da nake shirya kaya. Ina duƙe ina ɗaure bakin buhun gero, ban waiwaya ba na gane kwanon, domin duk gidan shi kaɗai ke wannan ƙara. Ɗan ƙarami ne, fari mai shuɗin baki, gefensa ya ɓantare. Kwanon ɗiyata ta fari ne. Uwar mijina, wadda muke kira Iya, ita ta jefa shi, ta tsaya tana kakkaɓe hannu.

"Da ita za ku," in ji ta.

Na ce, "Da wa, Iya?"

"Yo da wa kau? Da mai kwanon. Ni Rimaye na nufa. Ƙanwar mijinki ta kusa sauka, sai na ida mata wankan arba'in zan dawo. Ba ni jan yarinya cikin hidimar jego, ga wuta ga tafasasshen ruwa."

Ba a musu da uwar miji, balle a kan 'yar fari. Na gyara wa kwanon zama, na koma ga buhuna.

A Kankiya muke zaune lokacin, Turawa ba su tafi ba tukuna. Mijina malamin dabbobi ne na En'e, wato hukumar gargajiya, kowa Malam yake ce mashi, ni ma haka. Duk shekara in rani ya yi nisa akan kafa sansani a daji, Fulani su koro shanunsu a yi masu allurar rigakafin cutar bushiya, a yi sati biyu ko uku ana abu ɗaya. Shi kaɗai ya saba tafiya. Amma a shekarar ya tashi daga ciwon ciki mai tsanani, Iya ta ce ba zai je yana cin abincin ko'ina ba, in bi shi in riƙa yi mashi tuwo da hannuna. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan ban taɓa fita da rana tsaka ba, sai dai bayan magariba, barka ko gaisuwar mutuwa, a lulluɓe.

Shekarar yarinyar biyar. Tun da aka yaye ta Iya ta ɗauke ta, ɗakinta take kwana, gabanta take cin abinci. Sunan Iya aka sa mata. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. 'Yar fari ce, uwa ba ta ɗaukarta gaban mutane, ba ta yi mata wasa, ba ta faɗin sunanta. Ga shi kuma sunan na uwar miji ne, wanda ko wata mace ce can ke da shi sai in kewaye in ce "mai sunan Iya". Akwai laƙabin da mutanen gida ke kiranta da shi, shi ma bai taɓa fita bakina ba. In ina son ta miƙo mani ludayi sai in ce "ke". In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take ce mani, yadda ta ji ƙannen Malam na faɗa. Ina jin ta san ni na haife ta, amma irin sanin da yaro ya yi wa Makka: an faɗa mashi akwai, bai gani ba.

Ba ƙinta nake ba, Allah ya sani. Da asuba in na fito alwala nakan ɗan tsaya bakin ɗakin Iya in saurari numfashinta. In tana zazzaɓi ni ke kasa cin abinci, in ce kaina ke ciwo. Sai dai an yabe ni a kan kunyata, kuma yabon ya yi mani daɗi. Mata kan ce, "Ku dubi 'yar boko, ta yi makarantar kwana hannun Turawa, amma ko kallon 'yar farinta ba ta yi." Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu.

Da sassafe muka tashi, Malam bisa keke, ni da yarinyar bisa jaki ɗaya, tana gabana. Tun yaye bayanta bai taɓa ƙirjina ba sai ran nan. Ta zauna a sandare, kamar an ɗora ta gaban baƙuwa. Muka kwana Kusada, gidan ƙanen mahaifin Malam da muke kira Baffa, washegari muka ida zuwa sansanin, wani fili kusa da Dudunni mai rijiyoyi da manyan itatuwan gawo.

Tanti biyu muka iske an kafa, na gwamnati, masu kauri, suna warin wani abu kamar kakin zuma da aka shafa masu don kada ruwa ya ratsa. Ɗaya na akwatunan magani ne, ɗaya namu. Namu babba ne, labule ya raba shi biyu, ciki da waje. Ran da muka sauka na ɗebi ƙasa da duwatsu na danne gindinsa ko ta ina, saboda kunama da maciji, saboda kuma ido. Ƙofa ɗaya na bari.

Sai maganar murhu. Waɗanda suka kafa tantin sun jera mani duwatsu uku can nesa a fili, sun share ciyawar wurin tas. Na leƙa ta ƙofa na duba. Hanyar rijiya ta gaban wurin ta bi, makiyaya na kai da kawowa da sanduna bisa kafaɗa. Na ce a raina, ni zan duƙa can ina tuƙa tuwo maza na wucewa? Na roƙi Malam ya sa a kawo mani zana uku. Aka kewaye gaban tantin da su, bakin zanar na jingine da tantin hagu da dama, aka bar 'yar kafa ta fita. Da asuba na kwaso duwatsun da kaina, na jera su cikin kewayen, taku uku daga ƙofa. Na tara karan dawa na jingina da zanar. Shi ke nan na yi tsakar gida. Daga shimfiɗa zuwa murhu ba mai ganina sai Allah.

Malam ya duba ya ce, "Malama, bai yi kusa ba?" Haka yake ce mani in yana jin tsokana.

Na ce, "Ina kula."

"To. Ke kika yi karatun."

Da gaskiyarsa, na yi karatun. A makaranta akwai wata Baturiya mai son kai mu fili bayan ɗakunan kwana ta koya mana zaman daji. Da bakinta ta ce, da ƙafafunmu muka auna: taku goma sha biyar tsakanin wuta da tanti. A share ciyawa kewaye da murhu har ƙasa ta fito. A saki ɗan busasshen haki a ga inda iska ta nufa, a sa wutar inda iskar za ta ɗauke tartsatsi ta yi gaba da shi, ba ta kawo shi kan tanti ba. A ije ruwa kusa. In an gama a kashe, a motsa tokar da sanda, a sake zuba ruwa, a taɓa da hannu. Na rubuta duk wannan a littafi da rubutuna mai kyau, har ta ɗaga shi ta nuna wa sauran. Ban manta ko ɗaya ba ran da nake jera duwatsun nan. Na dai ga kamar karatun na 'yan mata ne masu gajeren siket, ba na matar aure ba.

Kwana biyu da saukarmu wata tsohuwar Bafillatana ta fara kawo mani nono. Doguwa ce siririya, rugarsu na bayan rijiyoyin. Inna nake ce mata. Ran farko ta sunkuyo ta kafar zanar, ta sauke ƙwaryarta, ta dubi murhun, ta dubi zanar, ta dubi tarin karan.

"Matar malam, wa ya gina maki wannan tanderu?"

Na yi dariya na ce, "Tsakar gida ce, Inna."

"Tsakar gida da katangar ciyawa da ɗakin tsumma. Ni da na tsufa cikin bukka, bukkata na nan, wutata na can, sai na yi tafiya tsakaninsu. Kuma kara kike hurawa! Kara ba ya ci wuri ɗaya, tashi yake. Bari in kawo maki busasshen kashin shanu, shi a hankali yake ci, ba ya tartsatsi."

"Hayaƙinsa na shiga tuwo, Malam ba zai so ba."

"Malam ɗin da ke wuni da hannu cikin bakin saniya?"

Ta sa ƙafa ta ture dutse ɗaya. Ta ce, "In kunya ce, yafa mayafi ki fita. Makiyayan nan shanunsu suke kallo, wa ya damu da tuwonki?" Na ce to. Tana fita na mai da dutsen wurinsa. Kusan kullum sai mun yi haka, ta ture, in ce to, in mayar, har abin ya zama kamar gaisuwa.

Ita ta fara lura da ni da yarinyar. Ta ga na miƙa mata fura ina kallon wani wuri, ta ce, "'Yar fari ce ko?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Na gani. Mu ma haka muke, mun ma fi ku. Nawa na fari ga shi can da furfura, sunansa bai taɓa hawa harshena ba." A wannan kam ba ta ture mani dutse ba. Ta riƙa ce mata "'yar malam", yarinyar kuma ta saba da ita, kullum da hantsi ta bi ta ruga kallon maruƙa.

Zamanmu ni da ita a tantin nan zaman baƙi biyu ne masu ladabi. In na zuba mata tuwo a kwanonta sai ta juya mani baya ta ci. Tana ninke zanenta yadda Iya ke ninkewa, in tana wasa ita kaɗai tana yi wa 'yar tsanarta ta kara faɗa da muryar Iya, har da "yo" ɗin. Nakan yi kamar ina tsince gero, ina saurare. Wajen kwana na biyar ta fara kawo mani 'ya'yan gawo, murɗaɗɗun nan masu ja, ta ije gefen turmi ta wuce. Na dai tara su cikin wani gwangwani. Abu ɗaya na lura da shi ban so ba: duk sa'ad da na ce "ke" sai ta zabura. Na yi tunani na ga dalili. Shekara biyar ba ta jin wannan kalma daga bakina sai in aike ne ko faɗa.

Akwai kuma wata al'ada da na taho da ita daga gida. In na gama girkin rana ba na kashe wuta. Nakan tura garwashin wuri ɗaya in binne shi da toka, da la'asar in tone in sa kara in hura. Kowace mace a Kankiya haka take yi, wa ke ɓarnar ashana kullum? Ashanar da ke sansanin ma ta aiki ce, da ita ake hura wutar dafa allurai. Sai dai a Kankiya katangar ƙasa ce kewaye da murhu.

Ran da muka kwana goma sha biyu Baffa ya zo daga Kusada da 'yan shanunsa. Na yi tuwon dawa da miyar kuka na aika masu can wajen aiki. Zafi ake yi ranar, ganye ko motsi ba ya yi. Ina makewayi, wanda aka yi mani da zana ƙarƙashin wani gawo bayan tantin da ɗan nisa, sai na ji tas! Na san ƙarar. Gilashin fitilar Malam ne, ita kaɗai gare mu.

Na ɗaga murya na ce, "Ke! Me kika fasa? Bari in fito!"

Da na zo na iske gutsattsarin gilashi bakin ƙofa, ba yarinya. Na ce ta gudu wajen Inna ke nan, gara ma, kafin ta dawo na huce. Na share gilashin. Ban ɗaga labulen ciki ba. Na binne wutata, na ɗauki garwar ruwa da kayan wanki da tabarmar salla na koma gindin gawon, domin da rana tsaka tantin ba ya zaunuwa. Na yi wanki har ruwan ya ƙare, sai ɗan na alwala. Na ta da sallar azahar.

Ina zaman tahiya na ji ta. Guguwa ce, irin ta rani, wadda ke tashi haka kawai da rana tsaka ta yi ta juyi da ganye da haki. Ta bi ta gefena ta ɗage mani mayafi, ta nufi tantin. Na ji zanar ta yi kaf-kaf. Na sallame, ina cikin addu'a warin ya iso ni.

Abin da ya faru ba shi da wuya a gane. Guguwar ta faɗa cikin kewayen nan nawa, ba ta da wurin fita, ta kwashe tokar, ta watsa garwashin cikin tarin kara. Kafin in zagayo zanar hagu ta kama har sama, ta dama ta fara, wutar ta hau gaban tantin. Abin da aka shafa mashi don ruwa shi ya riƙa narkewa yana ɗiga yana ci. Ƙofar, ita kaɗai da na bari, ta zama bakin wuta.

Na yi salati da ƙarfi. Maza suka sheƙo daga rijiya, wasu daga inda shanu ke jira. Malam na can nesa wajen shingen allura, bai iso ba. Baffa na cikin na farko, riƙe da sandarsa, yana ta "Innalillahi". Garwata ba ruwa, rijiya da nisa, suka riƙa ɗibar ƙasa da hannu da ƙwarya suna watsawa. Wani ya ce, "Ba kowa ciki ko?" Na ce ba kowa. Ni na faɗa, da bakina. Ya ce, "To a sare igiyoyin a kayar da shi a danne da ƙasa, kafin ta tsallaka na magani!" Suka zaro wuƙaƙe.

Sai ga Inna da gudu, ba ƙwarya ba mayafi. Ta kama hannuna.

"Ina 'yar malam?"

"Ba tana wajenku ba?"

"Yau ba ta zo ba."

An riga an sare igiya biyu, gefe ɗaya na tantin ya fara sunkuyawa. Na ce su tsaya. Ban san yadda muryata ta fita ba, amma sun tsaya. Mai wuƙar ya ce, "Ke kika ce ba kowa! In muka jira, duka biyun za su tafi, har da ciyawar dajin nan." Na ce ban sani ba, wataƙila tana ciki. Na zagaya bayan tantin ina bugun jikinsa da tafin hannu, ina cewa, "Ke! Ke! Kina ciki? Ke!" Inna na kiran "'yar malam", maza na kiran "yarinya". Shiru. Sai kukan wutar. Na durƙusa in ɗaga gindinsa, na iske duwatsun da na jera da ƙasar da na danna, tsawon tantin duka. Ban san ta ina zan fara ba.

Na san abin da ke faruwa ciki, in tana ciki. Ta fasa fitila, na ce bari in fito, ta ɓuya. Yanzu kuma ga muryata tana "ke, ke" da ƙarfin da ba ta taɓa ji ba, ga muryoyin maza. Duk kiran da na yi ƙara lafewa take.

Nan ne wurin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa. Sunan ya zo bakina, na ɗaga kai na ga Baffa tsaye taku biyu daga gare ni, ƙanen mijin Iya, na haɗiye shi. Wuta na ci, hayaƙi na fita ta ɗinkin tantin, na sake cewa "ke". Sau biyu na sake. Ba wani dogon lokaci ba ne, bai fi a karanta Ƙulhuwallahu ba. Amma na yi shi, ina sane.

Mai wuƙar ya ce, "Ba ta ciki. Ku sare."

Sai na kira ta. Ba laƙabin ba, sunan yanka, sunan Iya, da iyakar ƙarfina, har maƙogwarona ya yi zafi.

Daga kusurwar can ta baya, inda akwatin kayana yake, wata 'yar murya ta ce, "Na'am?" Irin na'am ɗin wanda bai tabbata da shi ake ba.

Wani saurayin makiyayi ya soka wuƙarsa ya tsarge tantin daga sama har ƙasa. Hayaƙi ya bugo mu. Na shiga da rarrafe, na laluba bayan akwatin na kamo ƙafa, na jawo. Wani narkakken abu ya ɗigo mani a bayan hannu, ban ji ba sai daga baya. Muna fita suka ida sare igiyoyin, tantin ya zube, suka hau shi da ƙasa. Na maganin bai kama ba.

Ba abin da ya same ta sai tari, da gefen zanenta da ya babbake. Hannunta na dunƙule da guntun gilashin fitilar, ashe so take ta haɗa. Na rungume ta gaban Baffa da makiyaya da kowa, ba mayafi a kaina, na yi ta shafa kanta ina duba kunnuwanta da yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta sandare, irin yadda ta yi bisa jaki.

Malam ya iso yana haki. Ya dube mu, ya dubi tokar, ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai ƙara ba, ran nan ko bayan nan. Da Baturen dabbobi ya zo zagaye aka nuna mashi wurin, Malam ne ya tsaya ya amsa tambayoyi, ya ce sakacin gidansa ne, bai ce na matarsa ba. Littafin nan nawa na makaranta yana cikin akwatin, ya ƙone tare da zannuwana biyu da gwangwanin 'ya'yan gawo. Kwanonta ya yi baƙi, amma da na goge shi da toka ya dawo.

Baffa ne ya fara sa mutane dariya, bayan hankali ya kwanta. Ya zauna bisa tushen gawo yana fifita da hularsa, ya ce, "To, yau dai na ji sunan matar yayana a bakin surukarta. Ni kaɗai ma? Har Kusada an ji." Ya dubi yarinyar, wadda yake tsokana yana ce mata matarsa, ya ce, "Ke kuma amarya, kin so ki bar ni gwauro da tsufana?" Na rufe fuska da tafin hannu. Da labarin ya kai wa Iya a Rimaye, aka ce cewa ta yi, "Yo suna ai don kira aka raɗa shi." Ba ta taɓa ta da maganar da ni ba. Ban kuma ce daga ran nan na zama mai kiran sunan kullum ba. Da muka koma Kankiya na koma wa kunyata gaban mutane, sai dai ban ƙara ce mata "ke" ba. Na samo mata wani suna nawa ni kaɗai, da shi na kira ta har ta yi aure.

Amma a ranar, da la'asar sakaliya, sai da aka ci abinci. Matan ruga suka zo suka kafa mana bukka irin tasu kafin rana ta faɗi. Inna ta tono duwatsun murhuna daga cikin toka, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta kai can fili, daidai inda aka fara jera mani su. Ba ta ƙirga taku ba. Ni na ƙirga a zuci ina bin ta, na sami goma sha bakwai. Ta tsinki haki ta saki, ta ga inda ya nufa, ta ɗan gyara wa dutse ɗaya zama. Ta zube busasshen kashin shanu, ta sa aka ciko garwa aka ije gefe. Sannan ta shafa mani man shanu a ƙunar hannuna, ta ce, "Saura ki mai da duwatsun."

Na ce, "Na bari, Inna."

Na yafa aron mayafi na duƙa a fili ina tuƙa tuwo da hannu ɗaya. Makiyaya na wucewa zuwa rijiya, suna yi mani jaje, ba wanda ya tsaya kallo. Yarinyar ta zo ta tsuguna kusa da ni, kusa ƙwarai, har gwiwarta na taɓa ƙafata. Ta riƙe mani bakin tukunyar da tsumma ba tare da na ce ta riƙe ba. Ta daɗe tana kallon wutar. Can ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, ashe kin san sunana. Iya ce ta faɗa maki?"